Kunnen Iya Kellu

A gurguje nake wannan rubutun, don haka duk wadda ta ci karo da kuskure ta yi haƙuri ta wuce. Kun dame ni da tambayar yadda aka ƙare da zuwan magabatan Najmuddeen gidanmu. To, ku gyara zama. Ni Bara'atu, mai ganin kanta da wayo, na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, kuma da hannuna na rataya shi a wuyan kakata.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, Najmuddeen shi ne wanda nake so, ba na ɓoye wa kowa. Shagonsa yana bayan tasha a nan Azare, in kin leƙa sai ki rantse bola ce: matattun rediyoyi, fankoki marasa kai, wayoyi a cukurkuɗe, ga ƙaurin dalma da ba ya barin rigarsa ko ya sha turare. Karatun lantarki ya yi, aka samar masa aikin ofis ya ce shi ba zai iya zaman tebur ba. Shi ne ya mayar da mataccen firji injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Shi ne ya haɗa wa masu noman rani na Gamawa wani abu da ke turo musu saƙo a waya in injin ban ruwa ya tsaya. Su dai masu lambu kamar su goya shi. Babana kuwa ko sunansa ba ya son ji.

Laifinsa na farko ma neman suna ne ya ja masa. Ya zo ya sa mana ƙwan fitila a zaure wanda ake kunnawa da tafi. Ran nan Baba na zaune da baƙinsa bayan magariba, ya kai wa sauro duka, sai ɗif, duhu. Wani baƙon ya fashe da dariya ya tafa hannu, haske ya dawo. Haka suka yi ta yi, manyan mutane da gemunsu, har Baba ya fusata ya sa aka kwance ƙwan. Tun daga ranar sunan Najmuddeen a bakinsa ya koma mai aljanun waya. Da ƙyar da lallashin Umma ya yarda magabatansa su zo ranar Asabar, kuma ya faɗa da bakinsa cewa saurarensu zai yi, bai ce zai ba su ba.

Mutum ɗaya ne a duniya Baba ba ya tsallake maganarsa, ita ce mahaifiyarsa, Iya Kellu. 'Yar garin Katagum ce, amma a gidanmu take zaune. Matsalar ita ce kunnen Iya ya daɗe da toshewa, tun ina firamare. In za ki yi mata magana sai kin manna baki a kunnenta kin ƙwala, ita ma in za ta amsa sai maƙwabta sun ji. Don haka ɗakinta ya zama ɗakin sirrin gidanmu. Mai son gulma, mai son amsa wayar da ba ya so a ji, mai ƙorafin miji, duk can ake shigewa a zauna gefen gadonta, ita tana jan carbi tana kallon bakuna suna motsi.

Wata ranar zance na yi wa Najmuddeen ƙorafi, na ce da Iya na ji da tuni ta tsaya mana. Ya murza hularsa, sannan ya tambaye ni ko tana jin tsawa, ko tana jin daka. Na ce in ana daka a tsakar gida har juyowa take yi. Sai ya ce to kunnen bai mutu ba, ƙarfi yake nema. Na ga idonsa ya yi wannan ƙyallin da yake yi in ya hango tsohuwar rediyo a bola, na san magana ta zauna.

A nan dole in tsaya in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa ba, domin in ba ku san shi ba ba za ku gane girman wautata ba.

Iya tana da auta, Baffa Babakura, mai sana'ar kifi a Katagum. Duk ranar kasuwa sai ya zo Azare da ƙunshin banda nata na musamman, ya zauna a ƙasa yana matsa mata ƙafa. Da daminar da ta wuce, lokacin da kogi ya cika, kwalekwale ya kife da shi. Allah ya yi masa rasuwa. A satin kuwa aka sallamo Iya daga asibiti da hawan jini, likita ya ja kunne cewa kar a bari wani tashin hankali ya same ta. Sai Baba ya tara mu ya yanke hukunci: ba wanda zai gaya mata. Aka yi zaman makoki can Katagum, ita aka ce mata ruwa ya cinye hanya. Da ruwa ya janye aka ce ya tafi fataucin kifi nesa. Duk ranar kasuwa Baba ya sayo banda, ya miƙa mata ya ƙwala cewa Babakura ne ya aiko. Ta shinshina, ta sa albarka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar da gidan ya koya. Tunda Iya fuska take karantawa, sai aka saba yin maganar mamacin a gabanta da murmushi. Za ki ga Umma na faɗin abin da zai sa ki kuka, haƙoranta a waje kamar ana labarin biki. Ni ma na yi, ba zan cire kaina ba. Najmuddeen ya je jana'iza har Katagum, amma ban taɓa gaya masa cewa uwar mamacin ba ta sani ba. Kunya nake ji.

Ranar da ya kawo na'urar jin da ya haɗa wa Iya, sai da na yi dariya. Robar ajiye sabulu ce ya fafe, ya cusa makirfo na tsohuwar rakoda, da wani ɗan allon lantarki da ya ciro daga matacciyar lasifika, da batirin waya. A gefe ya sa maɓallin rediyo na ƙara sauti, sai siririyar waya da ke tafiya zuwa iyafis guda ɗaya, ɗan abin nan da ake sawa a kunne. Don kar ta ƙi sawa, ya kai wa dukawa suka ɗinke shi da jar fata, suka sa masa igiya. In kin gani a wuya, laya ce sak. Ya nuna mini yadda ake murzawa, yana ta jaddada cewa in fara daga ƙasa-ƙasa.

Ga shirin da na yi a raina, ku yi mini adalci. Na ce zan gwada mata na ɗan lokaci in ga ko yana aiki, in cire, in kai wa Baba. Shi ya san yadda zai yi da maganar Baffa, kuma ya ga cewa mai aljanun waya ya yi abin da aka kasa. Na zaɓi yammacin da Umma ta tafi barka, Baba yana kasuwa.

Na rataya mata, na sa mata iyafis ɗin ƙarƙashin ɗankwali, na murza kaɗan. Shiru. Na ƙara. Sai na ga carbin ya tsaya a hannunta. Ta ɗaga kai tana neman wani abu a rufin ɗaki. Tattabarun maƙwabta ne ke kuka a kan kwano. Kafin ta gama da su aka ɗaga kiran sallar la'asar a masallacin unguwa, sai kawai hawaye ya ɓalle mata, tana bin ladan a hankali. Na ce, "Iya, kina ji na?"

Ta juyo ta zuba mini ido. Da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san tana da ita ba ta ce, "Ashe haka muryarki ta zama. Na bar ki da 'yar siririyar murya kina kukan alewa."

Na rungume ta muka yi kuka tare. Amma da na kai hannu zan cire, sai ta damƙe layar da hannu biyu. Tsohuwar da ake ɗaga wa kofi, wallahi na kasa ɓamɓare yatsunta. Ta ce shekara da shekaru tana kallon bakuna suna motsi a ɗakinta, tana so ta ji gidan nan yadda yake in ba a san tana ji ba. Ta ce in rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba sai ta ba ni izini. Na yi ta kame-kame, ta kafe ni da jiƙaƙƙun idanu. Na rantse. Sai da kalmar ta fita daga bakina sannan na tuna da maganar Baffa.

Na ruga ɗakina na ɗauki waya na rubuta wa Najmuddeen.

"Batirin nan yaushe zai mutu?"

"Haba ranki ya daɗe, aikina ne fa. Zai yi kwanaki bai ko yi tari ba. Ya yi aiki?"

"Ya yi. Ta ƙi cirewa."

Ya turo hotunan dariya da na tafi cike da layi. Na daɗe ina kallon allon, sannan na rubuta masa gaskiyar maganar Baffa, duka. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Innalillahi. Bara'atu, uwarsa ba ta sani ba? Kika bar ni na haɗa?"

Ya kira ban ɗauka ba. Ya rubuto cewa in je in gaya wa Baba yanzu, rantsuwa tana da kaffara, shi zai taya ni azumin. Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma na san Baba. In ya ji wannan kafin Asabar, ko ƙofar zaure magabatan Najmuddeen ba za su gani ba. Sai na ce masa ya bar ni da abin, zan tsare ɗakin har Asabar ta wuce. Son kaina ne ya yi magana, na kira shi dabara.

Haka na zama mai gadin ƙofar Iya. Duk wanda ya shiga ina bayansa, in ya buɗe baki in sako wata hira, ko in ce ana kiransa a waje. Umma har ta fara tambayar ko lafiyata ƙalau. Duk da haka Iya ta kwashi rabonta. A gabanta Umma ta ce tsohuwar nan ta fi kowa shan sukari a gidan nan. A gabanta maƙwabciyarmu ta zo ta zazzage sirrin mijinta a waya. Fuskar Iya ko gezau, tana jan carbi kamar kullum, in an yi mata magana ta ce "Eye?" da ƙarfi yadda ta saba. Ni kaɗai nake ganin yatsanta yana motsi a ƙarƙashin hijabi, tana ƙara sauti.

Ranar Juma'a Goggo Talatu, ƙanwar Baba, ta iso daga Jama'are don taya Umma aikin baƙi. Da yamma Umma ta matsa sai na je wajen tela na karɓo ɗinkina, wata atamfa ruwan zuma mai zanen ganye da na sa aka yi wa hannu mai faɗi. Na ce a bari sai gobe, ta ce ban isa ba. Na tafi kamar zan tashi sama, tela kuma ya tsaya gugar ɗankwali kamar an aiko shi.

Ina shigowa gida na jiyo muryoyi daga ɗakin Iya. Na tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu. Goggo na zaune a ƙasa tana tsince shinkafa a faranti, fuskarta washe, tana cewa matar marigayi ta kusa fita takaba, ya kamata a zauna a kan yaran da kuma ragar kamun kifinsa. Baba na gefen gado, shi ma da murmushinsa, yana cewa Allah ya ji ƙan Babakura, shi har yanzu in ya rufe ido sai ya ga kogin nan. Yana faɗa yana kwance ƙunshin banda. Ya miƙa wa Iya, ya ƙwala mata a kunne cewa autanta ne ya aiko.

Na zuba wa Iya ido. Hannun Iya ɗaya yana cikin hijabi. Ta fito da shi a hankali, ta karɓi kifin, ta shinshina. Ta ɗaga murya yadda ta saba ta ce Allah ya yi wa Babakura albarka. Ba abin da ya motsa a fuskarta. Na ce a raina Allah na gode, batirin ya mutu. Da na kai mata tuwo ba ta ci ba, ta ce cikinta a cike yake. Na duba idonta, ta kawar da kai ta tayar da sallah. Na zaɓi in yarda cewa ba ta ji ba, don shi ne abin da nake so ya zama gaskiya.

Yau Asabar gidan ya tashi da hayaniya. An share zaure an shimfiɗa sabuwar darduma, Umma na suyar kaji, Goggo na dama fura, ƙamshin turaren wuta ya cika ko'ina. Na sa atamfata, na ɗaura ɗankwali ya fi sau nawa ina kwancewa. Najmuddeen ya rubuto cewa ya aro mota ya ɗauko kawunsa Malam Bappayo da sauran, shi zai tsaya can bakin layi ƙarƙashin darbejiya tunda ba a shiga da ango.

Sai ga Iya ta fito tsakar gida da kanta, ba sanda, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta yi wanka, ta sa farin zane da farin hijabi. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Daidai nan Baba ya fito daga ɗakinsa cikin babbar riga yana gyara hula.

"Abdulrahim."

Kowa ya tsaya cak. Baba ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, Malam take ce masa. Kuma ba da ihu ta kira ba, a hankali ta faɗa, kamar kowa.

"Ruwan ya ba da gawarsa, ko har yau yana ciki?"

Ludayi ya faɗi daga hannun Goggo. Baba ya yi tsaye baki buɗe, sannan ya durƙushe a gabanta, babbar rigar ta baje a ƙasa. Ya matsa bakinsa kusa da kunnenta zai ƙwala, ta ɗaga masa hannu.

"Rage murya. Ina ji."

Da muryar da ban san Baba da ita ba ya gaya mata cewa an same shi washegari, an yi masa sutura, yana kwance kusa da mahaifinsu. Ta ce Alhamdulillahi, ta maimaita, ta ce abin da ya hana ta runtsawa ke nan. Ba ta yi kuka ba, mu ne muke yi. Ta ce tun daga kifin farko ta san ba hayaƙin Babakura ba ne, amma wa za ta tambaya, bayan duk wanda ta kalla dariya yake mata.

A nan idon Baba ya sauka kan siririyar wayar da ta leƙo daga ɗankwalinta. Ya bi ta da kallo har zuwa jar layar. Ya juyo gare ni, idanunsa jawur.

"Aikin yaron nan ne?"

Na gyaɗa kai. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce yaron da ya kusa kashe masa uwa da wasan wayoyinsa ba zai taka masa zaure ba, a je a ce wa mutanensa su juya. Bai rufe baki ba muka ji sallamar Malam Bappayo daga ƙofar gida. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Iya ta ce, "Zauna." Ya zauna.

"Wata da watanni kuna shiga ɗakina da gawar ɗana a bakinku kuna yi mini murmushi. Na san tsoro ne ya sa ku, ban ce ba ku so na ba. Amma yaron nan bai taɓa cin tuwona ba, shi kaɗai ya so in ji."

Ta ce yau za ta Katagum. Za ta zauna da matar ɗanta kafin ta fita takaba, za ta ji muryar jikokinta da ba ta taɓa ji ba. Baba ya ce bari ya ɗauko mota, ta ce ba da shi za ta ba. Wanda ya buɗe mata kunne shi zai kai ta. Goggo ta roƙa da kuka, Iya ta yarda ta bi su, da sharaɗin kar ta yi mata murmushi a hanya.

Baba ya fita zaure. Ina laɓe na ji yana ba Malam Bappayo haƙuri, ya ce maganar aure ba ta yau ba ce, yau gidan nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. Ya dawo bai kalle ni ba ya ce in kira Najmuddeen ya kawo motar ƙofar gida.

Najmuddeen ya fito daga mota, ya zube ƙasa yana gaishe da Iya. Ta dafa kansa ta ce ashe kai ne, muryarka ta fi fuskarka kyau. Ya buɗe mata ƙofar baya ta shiga. Yana zagayawa zai zauna, Baba ya sunkuya ta taga. Ina tsaye a bakin zaure da atamfata ruwan zuma, kuma na ji komai.

"Jininta bai da kyau, ka sani yanzu. Ka kai ta, ka dawo mini da ita da ranta. In ta dawo, ka sake turo mutanenka. In ba ta dawo ba, kar in ƙara ganin fuskarka."

Tun tafiyarsu nake zaune a ɗakin Iya, a kan gadonta, ban ko cire ɗankwali ba. Kajin Umma na nan a rufe ba wanda ya taɓa. Baba yana zaure shi kaɗai, ina jin tarinsa. Najmuddeen ya rubuto sun isa lafiya, ta ga yaran, ta sa kowannensu ya faɗi sunansa ta ji. Bayan nan saƙo ɗaya ya ƙara shigowa, kuma tun daga shi wayarsa ba ta shiga, ta Goggo ma haka. Na karanta shi har na haddace.

"Ta ce in kai ta bakin kogin. Mun iso. Ta zauna a kan yashi, ta ce in ƙure mata sautin, in ja baya."